Wankan Depite

Dillalai suka bar cinikin raƙumi suka juyo gaba ɗaya lokacin da Kande ta ratso kasuwar dabbobi ta Tawa da kyanwa ƙunshe a zani. Kan kyanwar kaɗai ya leƙo, kunnuwa a kwance, idanu suna bin ƙafafun shanu. Lahadi ce, ranar kasuwa, wuri ya cika ya batse da mutanen ƙauye, ita kuwa Kande ko kayan da ta je majami'a da su ba ta tuɓe ba.

"Madam, saidawa za ki yi?" in ji wani mai jan rawani. "Ba mu da dillalin mussa, amma don ke sai a naɗa."

Aka kwashe da dariya. Ta ci gaba da tafiyarta. Tun tana amarya aka turo mijinta Iliya koyarwa garin nan daga Dogon Dutsi, ga shi yau furfura ta fara leƙo mata, don haka ta san bakin Adarawa: ka mayar da magana guda, su juye maka kwando.

Kyanwar ta Sila ce, ɗansu tilo. A kwata ya tsinto ta shekarar da ake babban taron ƙasa, ya raɗa mata suna Depite, wai don ba ta san komai ba sai ci da barci da gyaran gashin baki, irin na 'yan majalisa. Da makarantu suka koma yau a buɗe gobe a rufe, shekara ta bi shekara ba jarrabawa, sai ya bi samarin Adar zuwa Abijan ci-rani, ya bar wa uwarsa kyanwa. Kande ba ta faɗa wa kowa, amma duk hirar da ta tanada wa Sila, Depite take yi wa tana tankaɗen gari. Yanzu ƙaiƙayi ya kama kyanwar, gashi ya zube a wuya da bayan kunne, tana susa har jini. Kande ta je ofishin likitan dabbobi ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikata suna yajin aiki kan albashi, awaki sun baje a baranda. Mai gyaɗa a bakin ƙofar ce ta ce mata ta nemi Manzo a kasuwa.

Rumfar Manzo ba ta da wuyar ganewa, domin shi kaɗai ne mai farar rigar likita a duk kasuwar, ko da yake farin ya daɗe da yin sallama da rigar. An ce a da shi ne mai kayar da shanu idan ma'aikata sun fita allurar rigakafi. Tun da darajar kuɗin sefa ta karye, magani ya gagari talaka, sai ya kafa tebur, ya jera kwalabe da jarkokin da ake shigowa da su ta kan iyaka, ya wayi gari lokotoro, likitan dabbobi. Kande ta bi kwalaben da ido. Wasu takardarsu ta koɗe, wasu ba su da takarda sam. Hankalinta bai kwanta ba.

"Ka taɓa yi ma mussa magani?" ta tambaya.

"Madam, hannun ga ya yi ma raƙumi allura, ya fiddo maraƙi daga cikin saniya. Mussa za ta gagare ni? Bisa duk bisa ta, girma kawai ya bambanta."

Ya karkata wata shuɗiyar jarka a kwano mai ruwa. Ruwan ya koma fari kamar madara, wari mai hawa kai ya tashi. Ya kama Depite ta ƙeya ya tsoma ta har wuya, ya cuɗa, tana ihu tana karta. Ya miƙa wa Kande ita tana ɗiga.

"Maganin kaska na, na shanu, ko ƙwai ba ya bari. Kar ki ɗauraye ta hwa. Ki bar shi ya bushe ga jiki, haka muke yi ma shanu." Ya ɗura mata wani a 'yar kwalba. "Wanga na wanka na biyu."

Ta so ta sake tambaya, amma wani makiyayi ya riga ya jawo tumakinsa gaban teburin, dillalan nan kuma ba su ɗauke ido ba, jira suke ta ƙara magana su samu na dariya. Ta naɗe kyanwar a zani ta juya.

*

Katanga ɗaya ta raba gidan Kande da na Zeinabou, matar Issouf tela, katangar ma gajeruwa, don ta kanta ake hira. Zeinabou ce ta riƙe ta ranar haihuwar Sila, lokacin ba ta san kowa a garin ba. Da sallar layya cinyar rago takan ƙetaro katanga. Da Kirsimati Kande takan kira Issouf ya yanka mata kaji da hannunsa, don mutanen gidan Zeinabou su ci hankali kwance. A duk Tawa, in aka cire Iliya, Kande ba ta da wanda ya kai Zeinabou.

Abu ɗaya ne ya ɗan gifta tsakaninsu kwanan nan. Zeinabou tana kiwon kaji, da su take rufa wa kanta asiri tun da ɗinki ya ja baya, Depite kuwa ta koyi ɗaukar 'yan tsaki. Ranar da ta sake ɗauke wani, Zeinabou ta leƙo ta katanga da gashin tsakon a hannu ta ce, "Maman Sila, wagga mussa taku, wata rana sai na yi maganinta." Da dariya ta faɗa. Kande ma dariya ta yi, ta ba ta haƙuri.

Da suka dawo daga kasuwa Depite ta zille daga zanin, ta haye katangar nan ta zauna a rana, ta shiga abin da kowace kyanwa take yi in jikinta ya jiƙe. Ta lashe ƙafa, ta lashe ciki, ta lanƙwasa ta lashe baya. Can ta dira gidan Zeinabou kamar yadda ta saba. Kande ta shiga girki.

Wajen la'asar ta ji wani irin kuka a bakin madafa. Depite ce ta dawo tana tangaɗi, yawu yana dalala daga bakinta, fatar bayanta tana rawa, ƙwayar idonta ta tsuke ta zama ɗigo. Kande ta bar tukunya a wuta, ta sure ta da zanin ɗazu, ta koma kasuwa gudu-gudu ba ko mayafi.

Manzo yana haɗa kaya. Da ya ga abin da ke hannunta sai ya tsaya cak. Bai taɓa kyanwar ba. Ya dube ta, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya sa ƙafa ya tura shuɗiyar jarkar ƙarƙashin tebur.

"Mi kab ba ta?" in ji Kande.

"Ni? Wanka niy yi mata, gaban idonki. Wanka na sa dalala?" Ya sunkuyo, ya rage murya kamar mai tausayi. "Madam, wagga guba ta. Maganin kusu anka ba ta. Da kunka koma gida, ta fita?"

"Ta shiga maƙwabta."

"Suna da kaji?"

Kande ta sunkuyar da kai. Manzo ya gyaɗa kai a hankali, ya buɗe tafukan hannu.

"Ni ban kama sunan kowa ba. Amma zamanin ga da muke ciki, ki san wanda kike zamne da shi."

Ya zaro allurar shanu mai kauri ya ɗura wa Depite wani jan ruwa a cinya, don dai masu kallo su ga an yi wani abu. Ba su kai gida ba. A gindin wani itacen bedi, kusa da masu albasa, Depite ta miƙe a hannun Kande, ta saki jiki. Kande ta zauna a ƙasa a gefen hanya ta yi kuka sosai, ba ta damu da masu wucewa ba.

*

Iliya ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne ta. Shi ma yajin aikin ya zaunar da shi gida, kullum kunne a jikin rediyo, har ya kai ba ya yarda da kowa, daga gwamnati har shugabannin ƙungiyarsu ta malamai. Da ta kwashe maganar Manzo ta faɗa masa, sai ya kakkaɓe hannu ya ce, "Tun da jam'iyyu sunka zo, wa da ƙane ma ba su cin tuwo kwano guda, bale mu baƙi. Ki dai kama bakinki." Bai ce Zeinabou ta yi ba. Bai kuma ce ba ta yi ba, wanda shi ne abin da Kande ta so ta ji.

Daga ranar komai ya canza kama. Ta tuna mai tallar maganin ɓera da ya tsaya ƙofar Zeinabou kwanakin baya, ta ga kamar ya daɗe a tsaye fiye da na mai wucewa. Ta tuna maganar nan ta kan katanga, ta juya ta, ta sake juyawa, har dariyar ta fita daga ciki sai maganar tsura. In Zeinabou ta yi waƙa tana daka, Kande ta ce murna take. In ta yi shiru, ta ce kunya ce ta kama ta. Ko tarin Issouf ta ji daga can, sai ta kasa kunne ko zancenta suke yi.

Wani lokaci takan tuna ƙafar Manzo tana tura jarka, sai ta kori tunanin da sauri. In maganin ne, to ita ce ta ɗauki Depite da hannunta ta kai, ta tsaya tana kallo, ta haɗiye tambayarta don tsoron dariyar dillalai. Me za ta ce wa Sila? Wannan ya fi ƙarfin zuciyarta. Zargin Zeinabou, duk da ciwonsa, ya fi mata sauƙin ɗauka.

Zeinabou ta leƙo ta katanga ta yi mata jaje, ta amsa a daƙile. Ta sake leƙowa washegari, Kande ta shige ɗaki. Rannan da hantsi sai ga ta ta zagayo ta ƙofa da kwanon fura rufe da faifai, wasu mata biyu 'yan unguwa da suka ɗebo ruwan famfo suka biyo ta don su gaisa.

"Maman Sila, kin bar cin abinci kan mussa? Ga hura, da nonon Hulanin Afala na dama miki. Sha ki ji sanyi. Kahin Sila ya komo sai mu samo mashi wata."

Da ba ta ce "wata" ba, wataƙila da abin ya tsaya nan. Kande ta dubi kwanon.

"Ɗauke kwanonki, Abu. Abin da yac ci Depite ba shi ci na."

Matan nan biyu suka dubi juna, bokitai a ka. Zeinabou ba ta gane ba da farko, har murmushinta bai gama sauka ba. Da ta gane, sai ta ja da baya.

"Ni, Maman Sila? Ni da na riƙe ki ran haihuwa?"

"Ke kin ce sai kin yi maganinta. To, kin yi."

Zeinabou ba ta rantse ba, ba ta yi zagi ba. Ta mayar da faifai kan kwanon a hankali, ta fita. Kafin azahar unguwa ta ɗauka, kowa da tasa. Wasu suka ce an kama Zeinabou da guba, har masu sayen ƙwanta suka fara sauya hanya. Wasu suka ce baƙuwa ta yi wa 'yar gari ƙazafi a kan kyanwa. Hirar kan katanga dai ta mutu.

*

Zanin da Kande ta ƙunso Depite a ciki yana nan a kusurwar ɗaki inda ta jefa shi, ta kasa taɓawa, warinsa ya cika ɗakin har Iliya ya fara ƙorafin ciwon kai. Ranar wanki ta daure ta jiƙa shi. Ta hangi 'yar kwalbar wanka na biyu a kan taga. Ba ta da sauran amfani, sai ta tuttule ta cikin ruwan wankin, ta kwarara shi gindin katanga wajen rariya. Ya kwanta a ɗan kwari, fari sol.

Ta rariyar nan kajin Zeinabou suke shigowa kiwo, su ba su san an yi faɗa ba. Kande tana shanya ta ga babbar kazar nan wake-wake, wadda Zeinabou ta fi ji da ita, ta tsoma baki a ruwan ta ɗaga kai, ta sake tsomawa. Ba ta kawo komai a ranta ba. Sai da ta gama shanya, ta share tsakar gida, ta juyo, ta tarar da kazar kwance ta gefe, fukafukai suna karkarwa, wani ruwa mai yauƙi yana dalala daga bakinta.

Kande ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta san wannan rawar jikin, ta san wannan dalalar. Ta dubi farin ruwan, ta tuna harshen Depite yana bin jiki lungu-lungu a kan katanga. Saniya ba ta wanke kanta da harshe haka. Manzo bai taɓa zama ya kalli kyanwa ba, ita kuwa da ta yi shekaru tana kallo ba ta yi tunani ba. Ta daure ta kori sauran kajin, ta zuba ƙasa ta rufe ruwan. Kafin ta gama, kazar ta daina motsi.

Ga gaskiya ta fito, ga kuma kazar Zeinabou a mace a tsakar gidanta, da guba, bayan abin da ta faɗa a gaban shaidu. Wa zai ce ba ramuwa ba ce? Rariya tana nan a buɗe. Da za ta sa sanda ta tura kazar ta koma can gefe, ba wanda zai sani. Ta daɗe tana kallon rariyar. Daga baya ta sa kazar a kwando ta rufe.

Ba gidan Zeinabou ta nufa ba. Kasuwa ta nufa, don tunkarar Manzo ya fi mata sauƙi, kuma tana so ta jawo shi ya faɗa da bakinsa a gaban mutane. Ta tarar da rumfar wayam, ba tebur ba kwalba. Mai sayar da igiyoyi na kusa ya ce ai lokotoro ba ya zama nan sai Lahadi, sauran kwanaki kasuwannin ƙauye yake bi.

"Da sassahe yal labta jarkokinshi ga babur. Yau Bambai, gobe Tebaram. Can layi a ka yi mashi, Madam, ba su da wani."

Ta tambayi inda ake kai ƙara. Mutumin ya ci gaba da tufkar igiyarsa ya ce wurin wa, kowa yana yaji.

*

Ta tsaya ta yi sallama a ƙofar Zeinabou. Zeinabou ta amsa daga ciki, ta fito ta ga ko wace ce. Ta koma ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙin Issouf, ta shimfiɗa a inuwa. Ita kuma ta zauna can nesa a kan turmi.

"Sannu da zuwa, Madam. Ina wuni? Ina gajiya? Ya maigida? Ana jin labarin yaro?"

Kande ta gwammace a zage ta da wannan gaisuwar. Ta buɗe kwandon. Ta faɗi komai, tun daga shuɗiyar jarka har farin ruwan da ta kwarara, tana yi tana haɗa magana, tana komawa baya ta gyara. Tana faɗa tana jin yadda labarin yake a kunnen mai saurare: mace ta zarge ki da guba, sai ga ta da kazarki a mace, da dogon bayani.

"Abu, na cuce ki. Ki gahwarta mini. Ba ke ba ta, ni na kai ta da hannuna. Kazar ma, Allah na gani, ban yi da gangan ba."

Zeinabou ta jawo kwandon. Ta ɗaga fiffiken kazar, ta duba bakin, ta shafa wuyan da ɗan yatsa. Sannan ta ɗago ta dubi Kande. Kande ta san wannan kallon sarai, da shi ta yi kwanaki tana kallon katanga.

"Kwanci take yi," in ji Zeinabou. "Ƙwanta na nan ɗaki." Ta rufe kwandon. "Ba komi. Allah shi kiyaye gaba."

"Kin yarda da ni?"

"Kin sha rana, Madam. Bari in kawo miki ruwa."

Ta tashi ta je randa. Ta ɗauraye kwanon sha tas a inda Kande za ta gani, ta cika shi, ta kawo ta durƙusa. Kande ta miƙa hannu, amma Zeinabou ba ta ba ta ba tukuna. Ta kai kwanon bakinta, ta kurɓa, ta haɗiye a fili har maƙogwaronta ya motsa. Ta dakata kaɗan. Sannan ta goge bakin kwanon da gefen mayafi, ta miƙa mata da hannu biyu.

Kande ta karɓa, ta riƙe shi a cinya. Zeinabou tana nan durƙushe, tana jira ta sha.